Nomau da Filashin da Ya Ƙi Buɗuwa

A ƙauyen Tudun Faru, can bayan injin niƙa, akwai wani gida mai katangar ƙasa da ƙyauren langa-langa, gidan Inna Delu mai daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya biyu maza. Babban shi ne Lurwanu, direban babbar mota, mai kai shanu kudu ya dawo da manja. Ƙaramin shi ne Nomau, ƙato guda, ga ƙarfi ga lafiya, sai dai in ka faɗa masa magana, yadda ka faɗe ta haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Inna Delu irin matan da can ce masu kunyar ɗan fari. Tunda ta haifi Lurwanu sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce "Mai-mota". Sunan Nomau kuwa tun hantsi take jansa a ƙasa har magariba, kuma ba ya fita shi kaɗai, sai da zagi a bayansa.

Wata rana Inna Delu ta shanya daddawa a tsakar gida za ta gidan suna, ta ce, "Nomau, ka kori kaji, kuma kada ka kwashe sai na dawo." Hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Da ta dawo ta tarar da shi tsaye cikin ruwa, ya jiƙe sharkaf, da tsumagiya a hannu yana gadin kajin da tuni suka fake, daddawa kuwa ta narke ta bi rariya.

"Kai, makaho ne kai? Ba ka ga ruwa ba?"

"Na gani, Inna."

"To uban me ya hana ka kwashewa?"

"Ba ki dawo ba."

Ranar ya sha muciya a gadon baya. Maƙwabciyarsu Iya Hansai ce ta leƙo ta katanga ta ce, "Haba Delu, hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Inna Delu ta ce ita dai nata hannun ya ishe ta wari.

Wata rana sai ga Isyaku, abokin tuƙin Lurwanu, ya yi sallama da jaka a kafaɗa, idonsa a ƙasa. Zazzaɓi ya kama Lurwanu a kudu, an kai shi asibiti, ya ce ga garinku nan, har an binne shi a can. Da kuka ya lafa, Isyaku ya zaro wani ɗan baƙin abu da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya ce, "Inna, wannan filashi ake ce masa. Kafin ya cika ya yi miki magana a wayata. Wayar ta fara lalacewa, shi ya sa na sa aka juye a nan. In aka sa a kwamfuta za ki ji shi da bakinsa." Ya yi addu'a ya koma bakin aikinsa. Kawu Barmo, ƙanen Inna Delu, wanda ya taɓa zaman birni har yake ganin ya san komai, shi ya kamata ya kai abin nan inda ake buɗewa. Amma da ya gama gwada agogon mamaci da takalminsa da Isyaku ya kawo a jaka ya ga sun yi masa daidai, sai ya tuna ƙafarsa tana ciwo. Inna Delu ta dubi Nomau ta cikin hawaye, ta ce, "Allah ya ɗauke mai amfani ya bar min wannan." Ta danƙa masa filashi. "Tafi. Kada ka sake tako min gida sai da muryar Mai-mota." Baƙin ciki ne ya yi maganar, kowa a wurin ya san haka, ban da wanda aka faɗa wa. Kawu Barmo kuma, don kada a ce bai yi komai ba, ya ƙara da nasa: "Ka riƙe shi gam. Kada ka saki, kada ka ba kowa."

Wata rana Nomau ya dangana da shagon Sabi'u mai kwamfuta a kasuwar Dogon Marke, inda ake buga takardu da ɗaukar hoton fasfo. Ya yi bayani, Sabi'u ya miƙo hannu.

"Kawo mu gani."

"Kawu ya ce kada in ba kowa."

"To ta ina zan buɗe?"

"Ka buɗe yana hannuna."

Aka yi juyin duniya ya ƙi. Dole Sabi'u ya juyo masa da gefen kwamfuta, Nomau ya tsuguna ya cusa da kansa, yatsu biyu maƙale da wutsiyar filashi. Wani ɗan hoto ya fito a allo. Sabi'u ya danna, sai ɗan akwati ya faɗo da Turanci a ciki. Ya sake dannawa, akwatin ya sake faɗowa. Ya yi tsaki ya ce, "Fayil ɗin, wato maganar da aka juye, yana nan, ga shi ina gani, amma ya ƙi buɗuwa." Nomau ya san wannan hali. In Lurwanu ya dawo daga tafiya a gajiye, yakan kulle ɗaki ya ƙi buɗe wa kowa sai shi. Sai ya kara baki a jikin kwamfuta ya ce a hankali, "Yaya, ni ne. Buɗe." Shago ya ɗauki dariya, har da mai jiran hoto da ya riƙe ciki. Nomau bai yi dariya ba, ya bar kunnensa a wurin yana jiran amsa.

Wata rana Sabi'u zai fita sallar azahar, ga Nomau tsugune ya ƙi gusawa. Don ya rabu da shi sai ya ce, "Wani lokaci gardama ce kawai kwamfutar take yi. Ga maɓalli nan. In ba ka ji komai ba ka kashe ka kunna, har sai ta buɗe." Shi a ransa sau ɗaya ko biyu yake nufi. Bayan salla ya biya wurin mai tsire, hira ta yi daɗi. Nomau kuwa hannu ɗaya a filashi, ɗaya a maɓalli. Ya kunna, ya kasa kunne, shiru. Ya kashe. Ya kunna, shiru. Ya kashe. Haka ya yi ta yi wa baiwar Allah har la'asar ta kawo jiki. Da Sabi'u ya dawo ya tarar da allo baƙi ƙirin, kwamfuta ta ɗauki zafi ta daina ko da tari, ga aikin wata ɗaliba a cikinta wanda aka yi mako ana bugawa.

"Innalillahi! Me ka yi mata?"

"Ba ta buɗe ba tukuna, shi ya sa ban daina ba."

Marin da Sabi'u ya ɗauke shi da shi har masu kayan miya sun ji. Nomau ya dafe kunci da hannun da ke sake, ɗayan bai bar filashi ba.

Wata rana, bayan an kai kwamfuta gyara an dawo da ita, Sabi'u ya buɗe shago ya tarar da mutuminsa zaune a bakin ƙofa. Ya tare hanya ya ce, "Tsaya nan! Mai gyara ya ce filashin nan naka ƙwayar cuta ce a ciki. Duk abin da ya taɓa sai ya shafa masa." Wayyo, sai Nomau ya fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. Ashe ciwon da ya kashe yayansa bai ƙyale shi ba, ya bi shi har cikin nan! Ya miƙe sai kemis. Mai kemis, Allah ya shirye shi, ya ji bayani sarai, ya kuma gane da wa yake magana, amma ya ƙulla masa ƙwayoyin zazzaɓi ya karɓi 'yan kuɗin abincin da Iya Hansai ta ba Nomau, ya ce in sun ƙare an warke. Tunda filashi ba shi da baki, Nomau ya riƙa gogawa a jikinsa sannan ya haɗiye a madadinsa. Kuma tunda an ce cutar tana shafar abin da ta taɓa, sai ya daina ba mutane hannu. A masallaci ya bar sahu, ya koma can baya shi kaɗai. Kawu Barmo ya bi gari yana faɗin ɗan yayarsa ya shiga wata sabuwar aƙida, a yi hankali da shi. Babu wanda ya tambaye shi dalili, da kuwa ya faɗa.

Duk wannan abin da ake yi, Nomau bai taka gidansu ba. Kullum da yamma zai sauko daga Dogon Marke a ƙasa, ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar da ke ƙofar gida, da safe ya kama hanya. A ciki kuwa Inna Delu ta bar daddawa, ta bar abinci, idonta ya fara dushewa saboda kuka, har ta kai sai an kwantar an tayar.

Wata rana Iya Hansai, wadda ita ke jinyarta, ta fito da kwanon koko ta same shi yana naɗe buhu.

"Nomau, shiga ka ga uwarka, jikin nan ba daɗi."

"Ta ce sai da muryar Yaya."

"Kai, ɓacin rai ne. Shiga!"

"Ba ke kika ce ba, Iya. Ita ta ce."

Iya Hansai ta koma ciki da sauri ta ce, "Delu, yaron nan a waje yake kwana, sauro ya gama da shi. Buɗe baki ki ce ya shigo, magana ɗaya ce." Inna Delu ta juyo da kai da ƙyar ta ce, "Ya kawo?" Aka ce bai kawo ba. Ta mayar da fuska bango ta ce, "To in ya shigo me zai yi min?" Katangar gidan ba ta da tsawo, kuma Nomau yana da kunne. Ya shanye kokonsa, ya ɗauraye kwano ya ajiye a bakin ƙyaure, ya tafi.

Wata rana ƙwayoyi suka ƙare, Nomau ya koma wa Sabi'u da murnarsa ya ce filashi ya warke. Sabi'u ya gaji, kuma a gaskiya tausayi ya fara kama shi. Ya ce, "Ji nan, abu ɗaya ya rage. In goge shi gaba ɗaya, ya koma sabo fil. Daga nan duk inda aka sa zai buɗu."

"Da Yaya a ciki?"

"Babu kowa a ciki. Fanko."

"Inna ba ta aike ni fanko ba."

Sabi'u ya buga tebur ya ce, "To ni na ƙare! Abin da kwamfuta ta kasa buɗewa wa zai buɗe? Je ka, duk abin da ka gani a duniyar nan mai rami irin na bakin filashin nan, cusa ka gwada!" Kora ce, amma Nomau ya yi godiya har ƙasa. Ya cusa a fitilar sola ta mai shayi, ya kasa kunne. Ya cusa a allon mai cajin waya, rami bayan rami, har aka ce ɓarawo ne yake lalube. Ya gwada ramin makullin shagon tela. Mafi muni, ya shiga gidan kallon ƙwallo, ya zagaya bayan talabijin ana shirin bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya cusa. Wani rubutu ya rufe allo, aka ji ihun cin ƙwallo babu wanda ya gani. Aka rufe shi da duka. Ranar da ƙafa ɗaya ya ja jiki ya koma Tudun Faru, leɓe a kumbure, filashi a dunƙule cikin tafin hannu.

Wata rana da hantsi yana zaune gindin darbejiya, ƙafa ta hana shi zuwa kasuwa. Mata suna ta shiga gidan suna fita da salati, ya san abin da ake ciki. Iya Hansai ta fito ta roƙe shi da girman Allah ya shiga, ya sunkuyar da kai yana hawaye ya ce ba a ce ya shigo ba. Ana haka sai ga motar mai tallan maganin basir, irin mai ƙatuwar lasifika ɗaure a kai, tana surfa batsa da sunan magani. Ta tsaya a inuwar injin niƙa, mai magani ya fito ya buɗe bayan mota, maza suka kewaye shi, Kawu Barmo a gaba yana neman kyauta. Nomau ya ɗingisa ya leƙa ta taga. Ga wata 'yar na'ura kusa da sitiyari, ga wani filashi ja a maƙale a jikinta. Rami ne irin na bakinsa, kuma an ce duk wanda ya gani. Ya zare jan ya ajiye a kujera, ya cusa nasa, ya riƙe da yatsu biyu.

Talla ya ɗauke. Aka ji ƙara, aka ji tari. Sai murya ta cika Tudun Faru daga injin niƙa har bakin rafi.

"Salamu alaikum. Inna, ni ne, Lurwanu."

Kwalbar magani ta kuɓuce daga hannun Kawu Barmo. Mai niƙa ya kashe inji. Mata suka fito ƙofar gida da hannu a ƙirji.

"Inna, ki yafe min, na daɗe ban zo ba. Kada ki damu, jikin da sauƙi. Ina nan tafe in Allah ya yarda, ki ajiye min daddawa mai kyau. Shi kuma Nomau, Inna, don Allah ki…"

Mai magani baƙo ne, bai san Lurwanu ba, bai san gidan da ake jinya ba. Abin da ya gani kawai ƙato ya zura jiki a motarsa. Ya finciko shi ta wuyan riga da ƙarfin tsiya. Da wani ne da ya saki. Nomau an ce masa kada ya saki. Ƙas! Rabin filashi ya biyo hannunsa, rabi ya tsaya a cikin na'ura. Abin da Lurwanu ya so a yi wa Nomau, har yau babu wanda ya sani. Da aka nemi Isyaku daga baya, ya ce shi fita ya yi daga ɗakin don ya ba su wuri, wayar kuma tuni ta mutu.

Mutane suka yi kan mai magani, Nomau bai ko waiwaya ba. Murya ta riga ta shiga gida, don haka ya tura ƙyaure ya bi ta. Ya tarar da Inna Delu ta yunƙura ta zauna, matar da aka yi kwanaki sai an ɗaga ta, idonta a buɗe ba ya ganin komai, hannu biyu a miƙe tana lalube. Ya durƙusa a gabanta. Ta kama hannunsa, ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa har kan leɓen da ya kumbura, sai ta ce, "Lurwanu."

Matan ɗakin suka dubi juna. Sunan da ta ɓoye tun ranar da ta haife shi, yau ya fito.

"Lurwanu, ka zo? Na ji sallamarka. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya yi maka albarka duniya da lahira. Ban taɓa ɓacin rai da kai ba."

Nomau ya buɗe baki zai gyara mata, don shi bai iya barin magana a karkace ba. Iya Hansai ta matse masa kafaɗa ta raɗa masa, "Yi shiru." Ya yi shiru. Inna Delu ta yi ta zuba albarka a kansa, irin wadda bai taɓa jin ko ɗigonta ba tunda aka yanke masa cibi, tana murmushi, har muryarta ta yi ƙasa. Kafin azahar, ta cika, hannunsa a cikin nata.

Da Sabi'u ya zo gaisuwa ya ji yadda aka yi, ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce cutar nan ɓoye fayil ɗin ta yi, ta ajiye na ƙarya a gaba, kwamfuta kuma da wayonta sai ta yi ta bin na ƙaryar. Ita kuwa na'urar mai magani ba ta san wannan ba, duk muryar da ta tarar ita take faɗa. Ya ce da ya goge a ranar nan, da bai yafe wa kansa ba. Kawu Barmo ya gyara agogo a hannu ya shaida wa masu zaman makoki cewa dama shi ya tsara komai, shi ya ce a riƙe gam. Aka yi ta yi masa sannu da ƙoƙari.

Nomau ya ɗauki makara, ya zuba ƙasa, ya zauna karɓar gaisuwa, bai ce uffan ba. A ce masa ya haƙuri, sai ya ɗaga kai. Mutane suka ce kai, ashe wawa ma ya san mutuwa. Har aka share makoki, aka naɗe tabarmi, bakinsa a rufe.

Wata rana Iya Hansai ta kawo masa tuwo ta same shi zaune a tsakar gida, inda ake shanya daddawa, da guntun filashi a hannu. Ta yi masa magana bai amsa ba. Sai abin ya faɗo mata a rai, ta saki kwano ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ni ce na ce ka yi shiru! Nomau, yi magana, ɗan nan, yi magana!"

Ya miƙe, ya taka har ƙofar ɗakin Inna Delu. Ɗakin an share, an jingine gado, babu komai sai ƙwaryar daddawa a kife. Ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba in zai gaishe ta, ya yi gyaran murya, don ta daɗe a rufe.

"Inna," ya ce, "ba Yaya ba ne. Ni ne, Nomau."